Sake Dangwalawa, Baba

Ran nan ina zaune a rumfata a Karaye ina liƙa wa wayar wani gilashi, sai na ji ɗaya daga cikinku, ku samarin da ke rajistar layi a bakin tasha, yana cewa wai wannan ba sana'a ba ce, zaman inuwa ne. Ka ɗauki hoto, a dangwala yatsa, ka miƙa layi, shi ke nan. Na ci gaba da aikina. Amma maganar ta bi ni har gida, shi ya sa na nemi takarda da biro. Karatuna bai yi nisa ba, aji biyu na yi a ƙaramar sakandare na bari, don haka ku yi haƙuri da rubutun. Sunana Nasiru. Shekara tara na yi a ƙarƙashin lema irin taku, tsakanin Karaye da Rogo, kuma ba da daɗi na bar ta ba. Akwai laifi a cikin labarin nan, kuma nawa ne. Zan faɗe shi idan na zo wurinsa.

Ba da layi na fara ba, da hoto na fara, a wurin Malam Ubale mai hoto. Shagonsa ɗaki ɗaya ne da labule ja, da kujerar ƙarfe, da madubi mai tsaga a gefe. Shekara guda na yi ban taɓa kyamara ba. Aikina riƙe ƙyalle a bayan mutum, da gyara masa hula, da ce masa ya ɗaga haɓa. A lokacin da fim ake aiki, wato baƙar ledar nan da ake wanke hoto daga jikinta. Idan an wanke, Malam Ubale yakan sa almakashi ya yanke fim ɗin mutum, ya haɗa da hotunan a ambulan ya ba shi. Na taɓa tambayarsa me ya sa ba ma ajiyewa, tunda mutum zai iya dawowa yana son ƙari. Ya ce, "Fuskarka ce? Tasa ce. Ka gama aiki, ka mayar masa da abarsa."

Akwai hoton wata budurwa daga Kwanyawa da ya yi saura, guda ɗaya, na sa a aljihu. Ban san ta ba, kyau kawai ta yi mini. Da zan yi alwala ya faɗo a gaban maigidana. Bai dake ni ba, bai ma ɗaga murya ba. Ya ce in sa takalmina in kai wa mahaifinta, a ƙafa, in kuma faɗa masa inda hoton ya kwana. Na je na dawo da la'asar sakaliya ƙafafuna sun yi ruwa. Na ɗauka na koyi darasin a ranar. Ashe ƙafata ce ta koya, ban da ni.

Da wayoyi masu kyamara suka cika gari, hoto ya mutu. Malam Ubale ma idonsa ya fara ba shi matsala, ya rufe shago. Daidai lokacin aka ce duk mai layi sai ya yi rajista da fuskarsa da yatsansa. Wani dila a Kano, wanda ke karɓo na'urori daga kamfani yana raba wa irinmu, ya ji cewa na iya ɗaukar fuska, ya ba ni na'ura ɗaya da lema.

Kayan aikin kun san su, amma ba ku san halinsu ba. Na'urar ba ta son rana. Ta yi zafi sai ta riƙa daskarewa a tsakiyar aiki, ga mutum ashirin a tsaye. Nakan jiƙa tsumma in matse in shimfiɗa mata a baya. Farin ƙyalle kullum biyu ne a jakata, don ɗaya ba ya kai azahar a ranar kasuwa. Batirin ajiya kada ka ba kowa aro, ko ɗan uwarku ne. Sai kwalbar basilin, da buta, da ƙaramin tawul mai tsabta wanda ba ya taɓa komai sai gilashin yatsa. Sabis kuwa, kowane ƙauye da inda yake ɓuya. A Beli a lokacin sai ka hau wani suri a bayan masu rake, ka ɗaga hannu sama kamar mai roƙon ruwa, kafin rajista ta tafi. Na sha yin wa mutum aiki a ƙasa in hau suri in tura in sauko, sau arba'in a wuni.

Abin da ya fi komai wuya shi ne yatsa. Malamin makaranta ko ma'aikacin ƙaramar hukuma, yana ɗorawa na'ura ta yi kore. Amma mu manoma muke yi wa aiki. Mutumin da ya shekara hamsin yana riƙe ƙotar fartanya, zanen yatsansa ya goge, ya yi sulɓi kamar bayan cokali. Mai gini siminti ya cinye nasa. Mata ga surfe, ga wanke-wanke, ga lalle. Amarya da ɗanyen lalle kada ma ka wahalar da kanka, ka ce ta dawo bayan sati biyu. Yatsa in ya bushe, ka sa mai shi ya goga a gefen hancinsa, maiƙon wurin ya fi basilin. In ya jiƙe da gumi, a wanke a shanya. Kada ka danne wa mutum hannu da ƙarfi, zanen bajewa yake yi. Kwantar da shi ake yi a hankali, a ɗan juya. Wani sai an yi sau shida, sau bakwai. Saboda haka babu wanda ke mamaki idan ka ce masa, "Bai hau ba, sake dangwalawa." Ku riƙe wannan, don a nan komai ya lalace.

Sai ranar haihuwa. Na'ura ba ta wucewa gaba sai ka cike gurbin, mutanenmu kuma ba su da rana, sai dai lokaci. Wani ya ce da damina, wata ta ce ita sa'ar wance ce. Mu duka abu ɗaya muke yi: mu dubi fuska mu ƙiyasta shekara, mu sa ɗaya ga Janairu. In da za a bi abin da na rubuta, rabin Rogo rana ɗaya aka haife su.

Ranar da na fara yi wa Baba Hamidu rajista, a kasuwar Beli ne, a shekarata ta biyu. Baba Hamidu aminin mahaifina ne, marigayi Garba, tare suka yi ciranin ƙuruciya. Manomin gyaɗa ne da dawa, dogo, mai son raha. Bai taɓa kirana da sunana ba, sai dai ɗan Garba. 'Yarsa Saude, wadda ke aure a nan cikin Beli, ita ta saya masa ƙaramar waya don ya riƙa jin muryar ɗansa da ke aiki a kudu. Ya zo ya tsaya ya daɗe yana kallon na'urar kafin ya zauna. Muka gaisa, ya tambayi mahaifiyata da iyali da gajiya, ɗaya bayan ɗaya.

Ya ce, "Ɗan Garba, tsakaninka da Allah. Wannan abin na gwamnati ne?"

Na ce, "A'a Baba, na kamfani ne."

"Don wancan watan masu katin gwamnati sun zo makaranta, na bi ta bayan gari. Mutum ya rubuta sunanka da na ubanka da gidanka, gobe me zai aiko maka?"

Wani mahauci da ke jiran layinsa ya ce, "Haraji, Baba! Har akuyarka sai ta biya."

"Kai dai rufe baki, mai ƙarnin jini. Akuyata ta fi ka takarda."

Aka yi dariya. A gaskiya haka mutane suke a lokacin. Masu katin hukuma sukan wuni a makaranta suna korar ƙuda. Fulanin rugage ko kusa ba sa zuwa, sun ce jangali ake son dawowa da shi ta bayan gida. Mu kuwa da muka zo da lasifika da waƙa da hular kyauta, har ture juna ake yi. Abin da suka hana gwamnati, shi suka ba mu, har da ƙari: suna, sunan uwa, unguwa, fuska, yatsu. Na faɗa wa Baba cewa ni ma suna da yatsa zan karɓa.

Ya ce, "Karɓi. Kamfani ai ɗan kasuwa ne. Kamfani ba shi da gidan yari."

Yatsansa ya ba ni wuya, sai da muka yi sau biyar. Da na zo kan ranar haihuwa ya ce shi da kaka aka haife shi, ana tsakiyar cirar gyaɗa, har mahaifiyarsa takan ce a gona naƙuda ta kama ta. Na ce na'ura ba ta san kaka ba. Ya ce to in sa abin da ta sani. Na sa masa ɗaya ga Janairu. Da zai tafi ya zuba mini ɗanyar gyaɗa a jaka, ya ce in kai wa mahaifiyata.

Shekarun da suka biyo baya sun yi kyau, ba zan ɓoye ba. A cikinsu na yi aure, na sayi babur. Mutane na kirana har gida, tsoho ba ya iya fitowa, ko matan kulle, in je in kafa ƙyallena a zaure. Akan ba ni ruwa, a ba ni fura, a miƙo mini hannun da ba a miƙa wa baƙo. Ban taɓa tsayawa na tambayi kaina inda fuskokin nan ke tafiya ba bayan na hau suri na tura. Na dai san ba a yanko su da almakashi a mayar wa mai su.

Sai muguwar shekara ta zo. Kusan kowa ya riga ya yi layi, ga masu lema sun yi yawa, kowace kusurwa da nata. Hukuma ta ce dole a haɗa kowane layi da lambar katin ɗan ƙasa, wanda bai haɗa ba a rufe. Dila kuma ya ce kamfani ya matsa masa, duk wanda bai kawo sababbin layuka adadi kaza a mako ba, za a karɓe na'urarsa a ba wani. Haɗa tsohon layi ba ya shiga lissafinsu, sabo suke so. A daidai lokacin kuma ga mutane suna zuwa a hankali suna tambaya, "Akwai mai rajista a kai?" Wato layin da aka riga aka yi wa rajista da sunan wani, ka saya ka sa kawai. Wasu direbobi ne da ba su da lokacin bin sahu, wasu ba su da kati. Wasu kuma Allah kaɗai ya san su. Ba wanda ya zaunar da ni ya koya mini dabarar. Na ga wasu suna yi, na gane, na yi. Mutum ya zo yin layi ɗaya, yatsa ya hau, ka ce bai hau ba. Ya sake. Ka ce hoto ya yi duhu, ka sake ɗauka. Ya tashi da layi ɗaya, kai kuma ka saura da biyu ko uku da sunansa a aljihu. Tsofaffi muke zaɓa da matan ƙauye, waɗanda ba sa karanta abin da ke kan gilashi.

A ƙarshen wani mako, na'urata na gab da tafiya, sai ga Baba Hamidu a kasuwar Beli da takarda a naɗe cikin leda. An rufe layinsa, wata biyu bai ji ɗansa ba, dole ta sa ya je ya yi katin da ya guje wa.

Ya ce, "Sun ci ni da yaƙi, ɗan Garba. Ga lambarsu. Yara sun ce in ba wani a Rogo ya haɗa mini, na ce a'a, ina da ɗa a cikin aikin."

Ya zauna, ya goga yatsa a gefen hanci da kansa, don ya tuna. Ya ɗora. A karon farko na'ura ta yi kore. Na gani da idona.

Na ce, "Bai hau ba. Sake dangwalawa, Baba."

Ya yi dariya. "Ai na sani. Fartanya ta cinye rabonta."

Sau huɗu na sa shi. Ya ma ba ni haƙuri, wai ya ɓata mini lokaci ga mutane na jira. Ya tafi da layinsa a buɗe, ni kuma na saura da uku. Ɗaya daga ciki lambarsa mai kyau ce, ta ƙare da bakwai uku a jere, irin wadda ake so. Bayan kwana biyu na sayar wa wani a tashar Karaye. Ban san shi ba, ban tambaye shi suna ba, ko fuskarsa ban riƙe ba, ni da aikina riƙe fuska.

Farkon damina, ana shirin shuka, jami'an tsaro suka zo Beli da mota biyu da hantsi, suka ɗauki Baba Hamidu a ƙofar gidansa yana gyaran iri. An sace wani ɗan kasuwa a wata jiha, kuma layin da aka riƙa kiran iyalansa da shi aka biyo. Jami'ai sun tambayi kamfani na wane ne, kamfani ya ba su suna da hoto da yatsa da unguwa. Ba su tambayi kamfani wanda ya yi rajistar ba. Mu da yawa da lambar dila ɗaya muke shiga na'ura, kuma tunda sun samu fuska, me za su yi da mai lema?

Bayan mako guda Saude ta zo wurina da wata 'yar takarda. Ita da mijinta sun je Kano, an hana su ganinsa, amma wani ya tausaya ya rubuta musu lambar.

Ta ce, "Yaya Nasiru, sun ce wai wannan layin na Baba ne. Baba layinsa ɗaya, kai ka yi masa. Duba mana don Allah, kai ka san abin nan."

Na duba. Bakwai uku a jere.

Na ce, "Kuskuren kamfani ne, Saude. Yana faruwa. Za su gane su sake shi."

Ta ce, "Allah ya sa. Allah ya saka maka da alheri, Yaya."

Wannan addu'ar na karɓa na ce amin.

Aikin da na fi yi a Beli a daminar nan ba rajista ba ne. Magana ta bazu cewa gwamnati na sauraren duk wayar da ke da lambar Baba Hamidu a ciki, kuma duk wanda ya taɓa kiransa za a zo a ɗauke shi. Sai mutane suka riƙa zuwa ɗaya-ɗaya, su rage murya, su miƙo waya. "Cire mini lambar Malam Hamidu." Maƙwabtansa, abokan sallarsa, har mahaucin nan mai tsokanarsa. Da yawansu ba sa karatu, ni nake nemo sunan in goge. Na san goge suna a waya ba ya goge komai a wurin kamfani, duk kiran da aka taɓa yi yana can a ajiye. Ban faɗa musu ba. Na goge, na miƙa, na karɓi na gaba.

A ƙasarmu in mutum ya kwanta ciwo ko tafiya ta riƙe shi da damina, akan yi masa gayya, a taru a nome gonarsa a wuni ɗaya. Baba Hamidu ya yi wa mutane gayya fiye da shekara arba'in. Tasa ba wanda ya kira, ba wanda ya je. Ɗansa na kudu ya ji tsoron dawowa. Mijin Saude ya yi abin da zai iya shi kaɗai, ga tasa gonar. Hanyata ta zuwa kasuwar Beli ta gefen gonar take bi. Na ga ciyawa ta kai gwiwa, na ga ta kai ƙugu, na ga ta rufe gyaɗar. Sai na canja hanya, na riƙa zagayawa ta bayan makaranta. Wata huɗu ina cewa gobe za su sake shi. Gaskiyar ita ce tsoro nake ji kada a saka ni inda aka saka shi.

Da aka fara cirar gyaɗa na je gaishe da Malam Ubale. Idonsa ya tafi gaba ɗaya, yana zaune a zaure a kan buzu. Ban je da niyyar faɗa ba, amma da ya tambaye ni aiki sai na faɗa masa duka. 

Ya ce, "Nasiru, ni ka cuta?"

Na ce, "A'a, Malam."

"To me ka zo yi nan? So kake in ce Allah ya yafe, ka samu sauƙi ka koma ƙarƙashin lema? Mutumin yana da rai?"

"Sun ce yana da rai."

"Takalminka na ƙafarka?"

Washegari na kai babur gidan ƙanina, na ɗauki na'ura da sauran layuka biyun da ban sayar ba, na shiga motar Kano.

Jami'in da aka kai ni wurinsa mutum ne mai furfura, da alamar gajiya. Ya saurare ni bai katse ni ba. Ya juyo mini da kwamfuta, sai ga Baba Hamidu sau huɗu, da hula ɗaya, da riga ɗaya, da farin ƙyallena a bayansa, har da tabon manja da ke kusurwar ƙyallen. A hoto na huɗu yana dariya. Ga lokacin kowace rajista a rubuce, mintoci kaɗan tsakaninsu. Abin yana nan a gabansu tun ranar farko, ba wanda ya duba.

Jami'in ya ce, "Tsohon nan kullum abu ɗaya yake faɗa, wai ɗan amininsa ne ya yi masa, ba zai cuce shi ba. Mun ce ya faɗi sunan yaron mu ɗauko shi, ya ƙi. Ya ce ba zai jawo wa maraya wahala ba."



Ya ƙara da cewa, "Kuna ta zaginmu a ƙauye wai muna leƙen mutane. Mu muka bi gida-gida da lema? Ku kuka tara, kamfani ya ajiye, mu tambaya kawai muka yi."

Na ce, "Ranka ya daɗe, amma da kuka tambaya aka ba ku, ai ba ku duba ba."

Ya dube ni, ya ce, "Kai ne za ka faɗa mini haka?" Kuma yana da gaskiya. Har yau ina ganin ni ma ina da ita, sai dai ba a bakina ya kamata ta fito ba.

An tsare ni, an kai ni kotu, na yi zaman da aka yanke mini, an karɓe na'ura har abada. Wannan ba abin ba da labari ba ne, abin da na saya ne. Dila ya ce bai taɓa sanina ba. Kamfani ko sau ɗaya ban ga fuskar mutuminsa ba. Shi Baba Hamidu sai da ya ƙara makonni kafin takardu su gama zagayawa a sake shi.

Da na fito na tafi Beli. Na same shi a ƙofar gida a kan tabarma, ƙafafunsa sun kumbura, yana tari, rigarsa ta yi masa yawa. Rumbunsa a buɗe, ba komai a ciki. Na durƙusa na gaishe shi. Ya amsa gaisuwar duka, ya tambayi mahaifiyata da iyali, kamar kullum. Na ce na zo neman gafara.

Ya ce, "Da suka nuna mini hotunan na gane ranar. Na tuna har haƙuri na ba ka."

Na sunkuyar da kai.

"Na yafe maka, saboda Garba, kuma don ni ma ina nema a wurin Allah. Amma abu ɗaya nake so ka yi mini, Nasiru."

Ranar ce farkon da ya kira ni da sunana.

Ya miƙo babban yatsansa. "Ka cire ni daga cikin abin nan. Hoton da yatsan da sunan uwata. Na gwamnati da na kamfanin duka. Kai ka saka, ka cire."

Na ce, "Baba, ba ya ciruwa."

"Ko an biya?"

"Ko an biya. Ba a hannuna yake ba. Ban ma san inda yake ba."

Ya daɗe yana kallon yatsan. Ya ce, "To ka karɓi abin da ba ka iya mayarwa." Ya maida hannunsa cikin riga. Na yi sallama na tafi.

Bai ga wata damina ba. Mutane sun cika jana'izarsa, har da waɗanda na goge wa lambarsa. Na tsaya a sahun baya.

Yanzu caji nake yi da liƙa gilashi da sayar da waya ta hannu. Ina ganinku kuna aiki, kuma na san matsin bai ragu ba, na san har yanzu ana zuwa ana tambayar mai rajista a kai. Na ji an ce na'urorin yanzu sun fi wayo, sun fi wuyar yaudara. Wataƙila. Amma har gobe tsoho ba ya karanta abin da ke kan gilashi, bakinka yake kallo. Ba zan ce muku gwamnati ta fi kamfani ko kamfani ya fi gwamnati ba, ban kai nan ba. Abin da na gani shi ne ɗaya yana tarawa da waƙa da hula, ɗaya yana zuwa da mota, kuma a tsakaninsu akwai ƙofa da mu ba ma gani. Mutumin ƙauye bai san ko ɗaya a cikinsu ba. Kai ya sani, ɗan wane, kai ya miƙa wa hannu.

Saude ta riƙe wayar mahaifinta da layinsa na asali, don dangi shi suka sani. Ba ta yi mini magana tun rasuwar, kuma ban ga laifinta ba. Farkon shekarar nan sai ga ta a rumfata, ta biyo motar kasuwa tun daga Beli. Ba ta zauna ba. Ta miƙo wayar.

Ta ce, "Saƙo ya shigo da Turanci, na ga kamar sunan Baba a ciki. Na ji tsoron nuna wa kowa a gari. Su ne kuma? Me ya yi musu yanzu?"

Na karanta. Na ce, "Ba su ba ne. Kamfani ne."

"Me suke so?"

"Suna taya shi murnar ranar haihuwa. Suna yi masa fatan tsawon rai. Sun ce sun ba shi kyautar minti goma."

Ta dube ni. "Yaushe Baba ya yi ranar haihuwa?"

Na ce, "Ni na sa masa."

Ta karɓi wayar, ta goge gilashin da bakin mayafinta, ta ƙulle a haɓar zane.

Ta ce, "Da kaka aka haife shi. Ana cirar gyaɗa."

Na ce, "Na sani. Ya faɗa mini."